Yadda ake gane baƙin fayilolin kesh idan manhajar tsaro ta yi ƙararrawa a kansu

Kusan duk matashin da na taɓa ɗora wa kula da shafin intanet a nan yankinmu, tsakanin Ringim da Taura, a wuri ɗaya yake fara tuntuɓe. Shafukan da muke riƙewa ba manya ba ne: akwai na makarantar Islamiyya, akwai na ƙungiyar manoman riɗi da zoɓo, akwai na wani dillalin taki da ke cin kasuwar Gujungu, kuma dukkansu a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, aka gina su, manhajar tsaro mai suna Wordfence ke yi musu gadi. Wata safiya sai saƙo ya shigo imel cewa bincike ya gano matsala, yaro ya buɗe ya tarar da jan rubutu da suna irin wannan: wp-cache-9e107d9d372bb6826bd81d3542a419d6.php. Daga nan hanya biyu suke bi, kuma dukkansu ɓata ne. Mai tsoro yakan danna maɓallin da ke goge duk abin da aka lissafa, mai kasala kuma yakan umarci manhajar da ta daina kula fayil ɗin har abada don jan rubutun ya bar masa ido.

Ba zan tsaya bayanin yadda ake shiga cPanel, wato allon sarrafa masaukin shafi, ko yadda ake ɗaukar kwafin ajiya na shafi ba, domin wanda bai iya waɗannan ba bai kai a ba shi kalmar sirrin shafin wani ba. Ka ɗauki kwafin fayiloli da na rumbun bayanai tukuna, sannan ka ci gaba da karatu.

Mataki na farko shi ne ka daina yanke hukunci da suna. Kesh, wato ma'ajiyar wucin-gadi, aikinsa irin na mai ƙosai ne da ke soyawa ta tara a kwano kafin masu saye su taru: maimakon WordPress ya harhaɗa shafi daga rumbun bayanai duk lokacin da baƙo ya zo, sai a harhaɗa sau ɗaya a ajiye kwafi, a riƙa miƙa wa masu zuwa. Tunda kwafin na da yawa, dole kowane ya sami sunan da ba zai yi karo da na wani ba, kuma manhaja ce ke raɗa sunan, ba mutum ba. Mafi yawansu suna amfani da wani lissafi da ake kira MD5, wanda Ronald Rivest ya ƙirƙira a 1991, wanda kuma duk abin da aka ba shi, adireshin shafi ne ko abin da ke cikin fayil, yakan mayar da shi jerin alamomi 32. Alamomin ba sa wuce lambobi 0 zuwa 9 da haruffa a zuwa f. Saboda haka ka ƙirga. Idan ka sami 32 cif, babu g, babu k, babu z a ciki, to sunan ya yi kama da aikin manhajar kesh, kamar yadda alamar da ɗan kasuwa ke yi wa buhunansa a sito ba ta da ma'ana ga mai wucewa amma shi ya san nasa. Sai dai kama kawai na ce, domin mai kutse ma ya iya ƙirga 32.

Mataki na biyu shi ne ka karanta cikakken adireshin fayil ɗin tun daga farkonsa, ka kuma tambayi kanka wa ya mallaki wannan ɗaki. Kowace manhajar kesh tana da inda take zuba kayanta, kuma ya kamata ka haddace na wadda kake amfani da ita. WP Super Cache tana ajiya a wp-content/cache/supercache, a cikin folda mai sunan shafinka, da fayiloli irin index.html da index-https.html, sannan ita ce mai sunayen da ke farawa da wp-cache- da meta-wp-cache-. W3 Total Cache tana da foldoji irin page_enhanced da minify da db da object a ƙarƙashin wp-content/cache, kuma a cikin na db da object za ka ga ƙananan foldoji masu alamomi uku-uku, waɗanda su ne farkon dogon sunan fayil ɗin da ke ciki. Autoptimize tana rubuta sunanta a gaban nata, a wp-content/cache/autoptimize, su ƙare da .css ko .js. WP Fastest Cache tana amfani da all da wpfc-minified, WP Rocket da wp-rocket da min, ita kuwa LiteSpeed Cache foldarta daban take, wp-content/litespeed.

Abin da na fi gani a shafukan da muka gada daga hannun wasu shi ne tarkacen manhajar da aka cire tuntuni. Wani ya gwada uku ko huɗu, ya goge su daga dashbod, amma foldojinsu na nan kwance. Idan ka ga page_enhanced alhali babu W3 Total Cache a jerin fuloginka, wato ƙananan manhajojin da aka ɗora a kan WordPress ɗinka, mai yiwuwa kufai ne kawai. A wurina doka ce: manhajar kesh ɗaya a shafi ɗaya, kuma idan kamfanin da ya ba ka masauki yana amfani da saba (kwamfutar da shafi ke zaune a kanta) ta LiteSpeed, to ka ɗauki tasu, kyauta ce, ba sai ka nemi katin da ke biyan dala ba.

Akwai wuraren da fayil ɗin kesh ba shi da dalilin zama ko kaɗan. Ba ya zama a wp-admin, ba ya zama a wp-includes, kuma duk fayil mai ƙarewa da .php a cikin foldojin shekara da wata na wp-content/uploads, inda hotuna ke zama, abin tuhuma ne ko da an sa masa kalmar cache a suna. Banda ɗan ƙaramin index.php wanda babu komai a cikinsa sai layi ɗaya mai cewa Silence is golden, wanda aikinsa hana baƙi ganin jerin abin da ke cikin folda.

A gefe guda kuma akwai halastattun fayiloli da ke zaune a wajen foldar cache, waɗanda sabon shiga ke ɗauka baƙi ne: advanced-cache.php da object-cache.php da wp-cache-config.php a cikin wp-content, da kuma kayan Wordfence kanta, wato foldar wflogs da fayil ɗin wordfence-waf.php. Wannan na ƙarshe kada ka kuskura ka goge shi da hannu. Akwai layi a cikin .user.ini ko .htaccess da ke umartar saba ta karanta shi kafin komai, don haka idan ya ɓace layin kuma yana nan, shafin gaba ɗaya zai faɗi, har ƙofar da za ka shiga ka gyara.

Mataki na uku shi ne buɗe fayil ɗin ka karanta, amma ta hanyar da ta dace. Ka yi amfani da maɓallin dubawa na Wordfence ko na File Manager. Kada ka kwafi adireshinsa ka liƙa a burauza don ka ga abin da zai fito, domin fayil ɗin .php idan aka kira shi ta burauza aiki yake yi, kuma idan mugu ne to kai da hannunka ka tashe shi. Wannan aiki a waya wahala ne, layukan ba sa shiga allo. Gara ka jira rana ta cika batirin sola ka kunna kwamfuta, ko ka haƙura sai ka shiga gari.

Layin farko yakan faɗa maka da yawa. Fayilolin wp-cache- na WP Super Cache suna farawa da <?php die(); ?> sannan rubutun shafinka ya biyo baya, kuma a na W3 Total Cache za ka ga <?php exit; ?> kusa da farko. Wannan ne dalilin da ya sa aka ba su .php tun asali: duk wanda ya kira fayil ɗin kai tsaye, umarnin zai tsaya nan take ba tare da ya nuna masa komai ba. Bayan wannan layin ya kamata ka ga abin da ka sani, kamar sunan makarantar, sanarwar hutu, ko farashin buhun taki. Mugun fayil kuwa ba ya tsayar da kansa. Za ka ga kalmomi irin eval da base64_decode da gzinflate da str_rot13 a haɗe da juna, ko $_POST da $_COOKIE da $_REQUEST, waɗanda ke nuna fayil ɗin na jiran umarni daga waje, sannan wani dogon layi na haruffa marasa ma'ana. Wasu kuma sukan cika layin farko da sarari don muguntar ta koma can gefen dama inda ido ba ya kaiwa, saboda haka ka ja allon har ƙarshe. Kwafin shafi ba shi da buƙatar karɓar umarni daga kowa. Amma kada ka razana da fayilolin .css da .js da ka gani a cunkushe a layi ɗaya, domin matse su aka yi da gangan don su yi sauƙin saukewa, kuma mu da sabis ɗinmu ke zuwa yana ɗaukewa mu ne muka fi cin moriyar hakan.

Ranar da aka rubuta fayil ma tana taimakawa, sai dai da sharaɗi biyu. Sabobi da yawa agogonsu na bayan namu da awa ɗaya, kuma mai kutse na iya canza ranar ta koma ta bara. Idan ranar ta tayar maka da hankali ka bi ta, idan kuma ta kwantar maka da hankali kada ka dogara da ita.

Yanzu mun zo mataki na huɗu, inda ni kaina na sha ƙasa, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Akwai hali na uku da ba mugun fayil ba ne, ba kuma ƙararrawar banza ba: fayil ɗin na kesh ne na gaskiya, suna daidai, wuri daidai, layin farko daidai, amma abin da aka kwafa a cikinsa gurɓatacce ne. Don ka fahimci wannan sai ka san yadda binciken ke aiki. Ga fayilolin WordPress na asali da fuloginan da aka sauke daga ma'ajiyar WordPress.org, Wordfence tana da na asali da za ta gwada da naka, ta ce an canza layi kaza. Fayil ɗin kesh kuwa ba shi da na asali a ko'ina a duniya, a sabarka aka haife shi, don haka abin da kawai za ta iya yi shi ne ta duba ko akwai salon rubutun da ta sani na mugunta a ciki, ko adireshin wani shafi da ke cikin jerin waɗanda aka yi wa baƙin fenti. Idan ta tsaya a kan index.html da ke cikin supercache, ba cewa take fayil ɗin ne ɓarawo ba. Cewa take ga abin da aka nuna wa baƙon da ya ziyarci shafinka.

A lokacin ban gane haka ba. Gargaɗi ya fito a shafin makarantar Islamiyya, na duba na ga kesh ne, na share shi, na sake bincike, komai ya koma kore. Bayan kwana biyu gargaɗin ya dawo da sabon suna, na sake sharewa, har na fara tunanin in cire foldar cache daga cikin abin da ake bincika, tunda akwai wurin yin hakan a saiti. Ana cikin haka shugaban makarantar ya kira ni bayan sallar Magariba. "Malam, wani mahaifin yara ya ce ya buɗe shafinmu don ganin ranar komawa, sai tallar caca ta rufe masa waya." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yanzu na fito daga ciki, ban ga komai ba." Kuma gaskiya na faɗa, ban gani ba, domin irin wannan muguwar manhaja takan ɓoye kanta daga wanda ya shiga da kalmar sirrin mai kula da shafi, ta bayyana ga baƙi kawai. Kesh kuwa abin da baƙi ke gani yake adanawa. Kwanaki huɗu ina goge shaidar da ke gaya mini gaskiya.

Da na zauna na karanta fayil ɗin a tsanake, sai na sami layi ɗaya kusa da ƙasa da ke kiran wani adireshin da ba mu da alaƙa da shi. Na bi diddigi na iske tushen a cikin functions.php na jigon shafin (theme, abin da ke tsara kamanninsa), wanda wani yaro ya samo kyauta a wani zauren sada zumunta, alhali jigo ne na kuɗi. Wannan tsohuwar hanya ce. A watan Nuwamban 2019 masu Wordfence sun fitar da rahoto a kan wata muguwar manhaja mai suna WP-VCD da ke yaɗuwa ta jigogi da fuloginan sata, tana barin fayiloli irin wp-vcd.php da wp-tmp.php da wp-feed.php a cikin wp-includes. Na san kuɗin jigo da dala yake, na kuma san abin da kwamitin makarantar ƙauye ke iya tarawa, amma jigogin kyauta na halal sun cika ma'ajiyar WordPress.org, kuma babu mahaifin da ya taɓa ƙin biyan kuɗin makaranta don shafin bai yi ƙyalli ba.

Ga yadda nake yin gwajin a yanzu, kuma ban yarda a sauya jerin ba. Da farko ka sauke kwafin fayil ɗin da aka yi ƙararrawa a kansa, ka kuma rubuta ainihin layin ko adireshin da manhajar ta nuna, domin takan nuna guntun rubutun da ya ja hankalinta. Sannan ka share kesh ta maɓallin manhajar kesh ɗin kanta, ba ta File Manager ba. Ka koma foldar ka duba abin da ya rage: fayil ɗin .php da ya tsira bayan mai ɗaki ya yi shara, ko dai kufan tsohuwar manhaja ne ko kuma baƙo ne, kuma a kowane hali ba shi da amfani a wurin. Ka fitar da shi zuwa wajen public_html, inda burauza ba ta isa. Canza masa suna a bar shi a wurin bai wadatar ba idan har yanzu yana ƙarewa da .php. Bayan haka ka ɗauki wata waya da ba a taɓa shiga dashbod da ita ba, a kan layin data daban, ka buɗe shafuka uku ko huɗu don a haifi sabbin kwafi, sannan ka sake bincike.

Sakamakon shi zai nuna maka hanya. Idan gargaɗin bai dawo ba bayan an sake cika kesh, to tsohon abu ne da ya riga ya wuce, amma ka sake dubawa bayan kwana biyu. Idan ya dawo a sabon fayil da guntun rubutu iri ɗaya, to rijiyar ce ta gurɓace, wanke guga ba zai yi magani ba. Ka ɗauki wannan adireshin ka neme shi a rumbun bayanai ta phpMyAdmin, musamman a teburan posts da options da comments, ka kuma neme shi a header.php da footer.php da functions.php na jigo. Sau da yawa abin bai ma kai kutse ba: wani ne ya bar sharhi mai ɗauke da mugun adireshi aka amince da shi, ko kuwa wani tsohon rubutu ne ke nuni ga shafin da ya mutu wasu suka saye sunansa suka mayar da shi na caca. Ka cire adireshin, ka share kesh, magana ta ƙare. Idan kuwa ba ka same shi a fili ba alhali yana fitowa, to a lulluɓe yake da base64, kuma ka ɗauka an shigo maka.

Wanda masaukinsa ya ba shi tamina, wato wurin rubuta wa saba umarni, da WP-CLI, kayan sarrafa WordPress ta umarni, yana iya rage wa kansa aiki da umarni biyu, wp core verify-checksums da wp plugin verify-checksums --all, waɗanda za su lissafa fayilolin da suka saɓa da na asali. Ƙananan masaukai masu arha ba duka ke bayar da wannan ba.

Game da maɓallin yin watsi da gargaɗi, Wordfence tana ba da zaɓi biyu, na har abada da na har sai fayil ɗin ya canza. Na biyun kaɗai nake yarda yarana su taɓa, shi ma bayan sun karanta mini abin da ke cikin fayil ɗin. Cire foldar cache daga bincike kuwa ban yarda da shi ba sam, ko da binciken na jinkiri, domin saba na da izinin rubutu a wannan folda kullum, ga kuma sunaye barkatai da mugun fayil zai saje da su. Manhajojin kesh ma ba su fi ƙarfin kuskure ba: a 2013 an gano wata ɓaraka a WP Super Cache da W3 Total Cache da ke ba mai sharhi damar cusa umarnin PHP, aka toshe ta a sabbin fitowa, don haka ka riƙa sabunta su kamar kowane fulogin. Idan binciken na yawan katsewa, ka share kesh kafin ka fara na yau da kullum, zai ragu sosai. Ka kuma sani cewa Wordfence ta kyauta tana samun sabbin alamomin mugunta ne kwana 30 bayan masu biya, wanda a ganina ya ishi shafin ƙungiyar manoma muddin ba a sa masa kayan sata ba.

Idan ta tabbata kutse ne, sauran aikin sananne ne. Ka cire jigon ko fulogin ɗin da ya kawo cutar gaba ɗaya, ka sake ɗora wp-admin da wp-includes daga sabon WordPress, ka duba jerin masu izinin gudanarwa ka kori wanda ba ka sani ba. Ka canza kalmomin sirri na dashbod da cPanel da rumbun bayanai, ka sabunta makullan sirri da ke cikin wp-config.php don a fitar da duk wanda ke ciki, ka mayar da izinin foldoji 755, na fayiloli 644, kada ka bar 777, wanda ke ba kowa izinin rubutu, a ko'ina. Daga nan ka share kesh karo na ƙarshe, ka ari wayar maƙwabci ka buɗe shafin.